Waƙoƙi Masu Jigo Guda: Ma'ana da Ɗorewar Waƙoƙin Sardauna na Alhaji Musa Ɗanƙwairo

1.0 Gabatarwa

Fiye da rabin ƙarni ke nan da kisan Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, kuma fiye da shekara 30 da rasuwar makaɗinsa, Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Jihar Arewa da Sardauna ya yi wa Firimiya an rarraba ta tun 1967, jam'iyyar NPC da ya shugabanta ta zama tarihi, mafi yawan mutanen da aka yi kiɗan a gaban idonsu kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Duk da haka, wanda ya ratsa kasuwar Talatar Mafara, ko tashar motar Bakura, ko ya zauna a shagon wani tela a Maradun, da wuya ya tashi bai ji muryar Ɗanƙwairo tana fitowa daga rediyo ko daga wayar wani saurayi ba, saurayin da ko mahaifinsa bai ga Sardauna ba.

Wannan abin tambaya ne ga manazarcin waƙar baka. Bisa al'ada, waƙar siyasa tana mutuwa tare da zaɓen da aka yi ta dominsa, waƙar yabo kuma takan yi sanyi idan wanda aka yaba ya kau. Me ya hana waɗannan waƙoƙi bin sawun 'yan'uwansu? Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waƙoƙin da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna sun ɗore ne domin jigo guda ya ɗaure su, har suka zama tamkar aiki ɗaya mai sassa da yawa, sa'an nan kuma abin da ya faru a Janairun 1966 ya ɗora musu ma'anar da ba su da ita a ranar da aka fara rera su. Don fito da wannan batu fili, za a fara da aron ma'auni daga wata al'ada ta nesa, watau faifai mai jigo guda na mawaƙan rok na Ingila.

2.0 Faifai Mai Jigo Guda

Kafin 1948, faifan garmaho na yau da kullum ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 3 zuwa 4 a kowace fuska. A shekarar ne kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai mai ɗaukar kimanin minti 20 a fuska guda. Da farko mawaƙa sun ɗauki wannan faifai a matsayin mazubi kawai, a tara waƙoƙi goma ko sha biyu waɗanda babu abin da ya haɗa su sai mai rera su. Daga baya, musamman daga tsakiyar shekarun 1960, wasu suka fara tsara faifan tun daga farkonsa har ƙarshensa bisa tunani ɗaya, ta yadda kowace waƙa ke jingine da ta gabanta.

Babban misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne faifan ƙungiyar Pink Floyd mai suna The Dark Side of the Moon, watau ɓangaren wata mai duhu, wanda ya fito a watan Maris na 1973. Mutum huɗu ne suka yi shi: Roger Waters, wanda ya tsara baitocin, da David Gilmour da Richard Wright da Nick Mason. An ɗauki faifan a ɗakin ɗaukar murya na Abbey Road a Landan, tsawonsa kuma bai wuce minti 43 ba. Jigonsa shi ne abubuwan da ke danne ɗan Adam har su kai shi ga taɓuwar hankali: gudun lokaci, da son kuɗi, da husuma tsakanin mutane, da tsoron mutuwa. Akwai kuma inuwar Syd Barrett, tsohon jagoran ƙungiyar, wanda ya bar ta a 1968 bayan hankalinsa ya raunana. Faifan ya buɗe da bugun zuciya, ya kuma rufe da shi, ana jin ƙarar agogo da ta akwatin kuɗin kanti a tsakani, waƙoƙin kowace fuska kuma suna shiga cikin juna ba tare da tsayawa ba. Ya yi mako 741 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka tsakanin 1973 da 1988, an kuma sayar da fiye da kwafe miliyan 45.

Abubuwa uku ne za a ɗauka daga nan. Na farko, jigon da ya wuce lokacin da aka yi waƙar. Na biyu, wata alama ta sauti mai dawowa wadda ke ɗinke sassan wuri guda. Na uku, aikin ya nuna a gaban jama'a kafin a ɗauke shi, domin tun farkon 1972 ƙungiyar take kaɗa shi a dandamali tana gyara shi. Bambancin da ke tsakanin al'adun biyu a fili yake: Ɗanƙwairo bai zauna ya tsara faifai ba, waƙoƙinsa kuma ba a rana ɗaya aka yi su ba. To amma idan aka jera su aka saurara, waɗannan abubuwa uku duk suna nan, kuma ba daga waje aka shigo da su ba, domin gadon kiɗan fada ne ya tanade su tun kafin a san garmaho a ƙasar Hausa.

3.0 Ƙasar da Ta Reni Makaɗin

An haifi Musa Ɗanƙwairo wajen 1909 a ƙauyen Ɗankadu ta ƙasar Bakura, ƙasar da garin Damri yake cikinta. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma a hannunsa ne shi da wansa Abdu Kurna suka koyi sana'a. Gidan ya fara da kiɗan noma kafin ya shahara da kiɗan fadar Maradun, garin da sunansa ya bi Ɗanƙwairo har ƙarshen rayuwarsa. Ya kuma yi zama ƙarƙashin 'Yandoton Tsafe Aliyu, ya yi wa sarakuna da dama waƙa, cikinsu har da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya rasu a 1991.

Wannan yanki na kwarin Gulbin Sakkwato, daga Maradun zuwa Talatar Mafara zuwa Bakura da ƙauyukanta irin su Damri, ƙasa ce ta fadama da gandu, inda gayya take da ƙarfi, makaɗin noma kuma yake da daraja. Yanki ne kuma da ya cika da fadoji ƙanana da matsakaita, kowace da makaɗinta. Daga Faru ta ƙasar Maradun Sa'idu Faru ya fito, shi ma makaɗin kotso, wanda ya shahara da waƙoƙin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talatar Mafara, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ke nan Ɗanƙwairo ya tashi ne a inda masu sauraro suka san kiɗa, suke kuma iya bambance gwani da ɗan koyo.

Wannan asali yana da muhimmanci ga batun da ake yi. Aikin makaɗin noma shi ne ya zuga namiji ya ƙara ƙwazo a kan kunya, ya kambama wanda ya fita gaba, ya yi wa rago zambo. Idan aka lura, wannan ma'auni ne Ɗanƙwairo ya tafi da shi Kaduna. Sardaunansa gwarzo ne wanda ake auna shi da yawan aikin da ya gama, abokan hamayyarsa kuwa su ne waɗanda rana ta yi musu zafi suka koma inuwa. Shi ya sa manomin Damri ba ya bukatar a yi masa fassarar siyasar majalisa kafin ya gane waƙar, domin a kan ma'aunin gona aka ɗora ta.

4.0 Jigon da Ya Ɗaure Waƙoƙin

Idan aka tambayi mai nazari mene ne jigon waɗannan waƙoƙi, amsar da za ta fara zuwa ita ce yabo. Wannan gaskiya ne, sai dai bai wadatar ba, domin duk waƙar fada yabo ce. Abin da ya kamata a nema shi ne irin tunanin da yabon yake ɗauke da shi. Sunayen biyu daga cikin mashahuran waƙoƙin sun isa su nuna hanya: "Mai Dubun Nasara" da "Ya Wuce Raini". Nasara da raini, waɗannan kalmomi biyu su ne turakun da aka ɗaure komai a jikinsu. Jigon shi ne mutumin da aka so a ƙasƙanta, Allah ya ɗaukaka shi, har ya wuce inda hannun maƙiyi zai kai.

Ga mutanen Zamfara na wancan zamani wannan magana tana da tarihi a bayanta. A 1938, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Hassan, Ahmadu Bello ya nemi sarautar bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku. Shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin lardin. A can ne, a farkon shekarun 1940, aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukuncin ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi. Bayan kimanin shekara 10, a 1954, wannan mutum ne ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Saboda haka sa'ad da makaɗi daga Maradun ya tsaya yana maganar raini da nasara, dattawan wurin sun san ramin da aka haƙa, sun kuma san yadda aka tsallake shi. Makaɗin ba ya bukatar ya ambaci kotu ko jangali, kuma ladabin fada ma ba zai bar shi ya ambata ba.

Ƙananan jigogin duk wannan babban turke suke yi wa hidima. Ambaton nasaba, da ke mayar da Sardauna ga kakansa Muhammadu Bello da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, hujja ce ta cewa ɗaukakar tana da tushe. Ambaton addini da addu'a yana nuna daga inda mulki yake zuwa, don kada a ce dabarar mutum ce. Siffanta shi da manyan dabbobin dawa da abubuwa masu nauyi, kamar yadda makaɗan fada suka saba, yana nuna cewa ba a ture shi. Habaici da zambo kuwa su ne ɗaya fuskar faifan, domin nasara ba ta fitowa sosai sai an nuna wanda aka kayar. Abin lura a nan shi ne al'adar makaɗan fada ta ɓoye sunan wanda ake yi wa zambo, a siffanta kamarsa ko halinsa kawai. A lokacin, wannan kariya ce ga makaɗi. Bayan shekaru sai ta zama hanyar ɗorewa, domin gurbin da aka bari ba suna kowane zamani yana cike shi da nasa mutanen.

Nan ne waƙoƙin suka haɗu da faifan 1973. Matashin Landan da ke fama da haya da aikin ofis ya ji kansa a cikin waƙar gudun lokaci da son kuɗi ko da bai taɓa jin sunan Syd Barrett ba. Haka ɗan acaɓa ko ɗan tireda a Talatar Mafara, wanda dangi suka raina, yakan ji labarin kansa a cikin waƙar Firimiya. Kowa yana da wanda ya raina shi, kowa kuma yana fatar ranar da zai wuce wurin.

5.0 Zubi da Kiɗa

Jigo kaɗai ba ya raya waƙa. Waƙoƙi nawa aka yi a kan haƙuri da nasara waɗanda ba wanda ke tuna su? Dole a duba yadda aka gina waƙar.

Kotso ganga ce ta sarauta, mai tsukakken tsakiya, wadda aka rufe bakinta guda da fata aka bar ɗayan a buɗe. Ana liƙa nake a tsakiyar fatar, a rataya ta a kafaɗa, a kaɗa da yatsu, ana matsa tsirkiyoyinta don a ɗaga sauti ko a sauke shi. Saboda haka tana iya bin hawa da saukar muryar Hausa, ta maimaita gindin waƙa ko da baki bai furta ba. Sautinta ba mai kaifi ba ne kamar na kalangu, yana da nauyi da natsuwa, irin wanda ya dace da tafiyar basarake. Mai sauraro yakan gane waƙar Ɗanƙwairo tun daga bugun farko, kafin a ce uffan.

Gindin waƙa shi ne abin da ya yi daidai da bugun zuciyar nan na faifan Pink Floyd, har ma ya fi shi aiki. Bugun zuciya yana zuwa a farko da ƙarshe, gindi kuwa yana dawowa bayan kowane ɗa. Jagora yana iya tafiya nesa, ya shiga nasaba, ya koma labarin tafiya, ya ambaci kyautar da aka yi masa, ya sauka kan wani maƙiyi, amma duk inda ya je sai 'yan amshi sun komo da shi gida. Ta haka ɗiyan da ba su da dangantaka a zahiri suke zama hujjoji daban-daban na magana guda. Wannan ne kuma ya ba waƙar damar tsawo ko gajarta gwargwadon zama: a ƙara ɗa idan wani babban baƙo ya shigo, a rage idan lokaci ya ƙure, gindin yana nan bai motsa ba. Waƙar da aka ɗauka a rediyo hoto ne na rana ɗaya daga cikin rayuwar waƙar da ta daɗe tana nuna a gaban jama'a.

Inda Ɗanƙwairo ya yi fice a kan takwarorinsa shi ne sarrafa 'yan amshi. Yawancinsu 'ya'yansa ne da danginsa waɗanda suka tashi cikin kiɗan, don haka sun san inda zai dosa tun bai ƙarasa ba. Yakan ɗauko layi da siririyar muryarsa mai zaƙi, ya sake shi a tsakiya, su kuwa su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu, su maimaita, muryoyinsu manya da ƙanana suna hawa kan juna. Amshin nasu ya wuce maimaita gindi, ya zama rabin waƙar. Wannan tsari yana da ma'ana ta kansa: mai sauraro yana jin mutum guda ya faɗi magana, jama'a sun tabbatar. Waƙar da ke cewa jama'a suna bayan shugaba ta nuna hakan da zubinta tun kafin a fahimci kalmominta.

Sai kuma harshe. Ɗanƙwairo bai bar Hausarsa ta yamma ba don ya je Kaduna. Yana nan da "munka" da "sunka" da "anka", da "shi" a inda Bakano zai ce "ya", da "h" a gurbin "f" kamar yadda ake kiran Tsafe da Tsahe. Ga mutumin Damri wannan muryar gida ce. Ga mutumin Kano ko Zariya ko Damagaram kuwa karin Sakkwato yana ɗauke da ƙamshin daular Shehu da tsufa da asali. Ta kowace fuska karin harshen ya ƙara wa yabon nauyi.

6.0 Yadda Janairun 1966 Ya Juya Ma'ana

A daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kai hari gidan Firimiya a Kaduna suka kashe shi. Ko harafi ɗaya bai canja a cikin waƙoƙin da aka riga aka ɗauka ba, amma kunnen da ke jinsu ya canja. Waƙar da ke cewa mutum ya fi ƙarfin maƙiya, idan aka saurare ta bayan maƙiya sun kai gare shi, ta tashi daga zuga ta koma makoki. Kowane kirari na ƙarfi yana tuna wa mai sauraro daren da ƙarfin bai hana komai ba. Wannan zaƙi mai haɗe da ɗaci shi ne abin da waƙar yabon sarki mai rai ba ta iya samu, kuma ba makaɗin ne ya sa shi ba, tarihi ne.

Abubuwan da suka biyo baya sun ƙara wa wannan ma'ana kauri. A watan Mayu na 1967 aka raba Jihar Arewa gida 6, wannan yanki ya faɗa Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ya koma Jihar Sakkwato, a 1996 kuma aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. A shekarun 1970 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, gonaki da ƙauyuka suka nutse, rikicin diyya ya yi tsanani, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman haƙƙinsu, aka rasa rayuka da yawa. A watan Mayu na 2022 kuma 'yan bindiga suka auka wa Damri da ƙauyukan da ke kusa da ita, suka kashe mutane masu yawa. Mutanen da suka ga waɗannan abubuwa, idan suka ji ana waƙar shugaban da ke tsaye a kan lamarin jama'arsa, ba Kaduna ta 1962 kaɗai suke tunawa ba, suna auna abin da suka rasa ne. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Na'ura ma ta taka tata rawa. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962, shi ne ya fitar da muryar Ɗanƙwairo daga zauren fada zuwa duk inda ake jin Hausa. Kaset kuwa, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 ya kuma bazu a ƙasar nan a shekarun 1970, ya ba da sararin da garmaho ba shi da shi. Masu sayar da kaset a kasuwanni suka riƙa jera waƙoƙin da aka yi wa mutum guda a wuri ɗaya, mai saye ya saurara daga farko har ƙarshe. Ana iya cewa 'yan kasuwar nan su ne suka harhaɗa wa Ɗanƙwairo faifansa mai jigo guda, ba tare da sun san sunan abin da suke yi ba.

7.0 Abin da Waƙoƙin Suka Yi Shiru a Kai

Yabon gwani ya zama dole, amma nazari ba ya tsayawa a yabo. Akwai babban bambanci tsakanin faifan Pink Floyd da waƙoƙin nan wanda bai kamata a rufe shi ba. Waters da abokansa sun tsaya ne a gefen mutumin da aka danne suna tuhumar masu iko da masu kuɗi. Ɗanƙwairo makaɗin fada ne, a gefen mai iko yake tsaye, daga hannunsa kuma yake cin abinci. Waɗanda ake yi wa habaici a waƙoƙin siyasar wancan lokaci mutane ne na gaske, da yawansu 'yan jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano a 1950, kuma sananne ne cewa magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala a hannun hukumomin En'e. Haraji da jangali da aikin tilas, waɗanda talakan ƙauye ya fi sani game da mulki, ba su da gurbi a cikin waƙar yabo.

Wannan bai rage wa waƙoƙin ƙima ta fasaha ba, domin ba a tuhumar kotso da rashin yin aikin littafin tarihi. Haɗarin yana wajen mai sauraro na yau, wanda bai ga zamanin ba, idan ya ɗauki waƙar a matsayin cikakken bayanin yadda aka yi mulki. Sardauna ya bar ayyukan da ake gani, kamar Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962, kuma waɗannan ba sa bukatar makaɗi ya tsaya musu. To amma zamanin da ake begensa yana da masu kuka, kuma su ma sun bar waƙoƙinsu, na baka da rubutattu, irin na Sa'adu Zungur da Gambo Hawaja da Mudi Sipikin. Adalcin nazari shi ne a karantar da ɗalibi ɓangarorin biyu tare. Abin mamaki kuma shi ne jikokin waɗanda aka yi wa zambon suna cikin masu sauraron waƙoƙin a yau, suna jin daɗinsu, har suna ɗaukar kansu a matsayin wanda aka raina ya yi nasara. Wannan shi ne iyakar abin da jigo mai faɗi yake iya yi: ya kuɓuce daga hannun wanda aka yi shi dominsa.

8.0 Matsalar Guntulewa

A watan Maris na 2010 wata babbar kotu a Landan ta yanke hukunci cewa kamfanin EMI ba shi da ikon sayar da waƙoƙin Pink Floyd ɗaya-ɗaya ta intanet ba da yardarsu ba, domin yarjejeniyarsu ta tanadi a kiyaye faya-fayan a matsayin aiki guda. Ko da yake a shekarar da ta biyo baya ƙungiyar ta amince da sayar da su a rarrabe, shari'ar ta nuna cewa masu aikin sun san tsari wani ɓangare ne na ma'ana.

Waƙoƙin Ɗanƙwairo suna fuskantar irin wannan matsala, kuma ba su da kotun da za ta tsaya musu. A wayoyin hannu da shafukan sada zumunta, abin da ya fi yawo shi ne gutsure na daƙiƙa 30 ko minti guda, galibi wurin habaici, a ɗora shi a kan hoton wani ɗan siyasa ko a jefi abokin gaba da shi. Idan aka cire habaici daga gindinsa, aka raba shi da addu'a da nasabar da suka gabace shi, abin da ya rage baƙar magana ce kawai. Har ila yau ana samun waƙoƙin da aka liƙa musu sunan da ba nasu ba, ko aka haɗa na uban da na 'ya'yansa waɗanda suka ci gaba da kiɗan bayansa. Ga kuma kalmomin sarauta da na noma da na karin yamma waɗanda matasa ke rerawa ba tare da sanin ma'anarsu ba.

Aikin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa suka yi na tattara tarihin makaɗa da rubuta matanin waƙoƙinsu ya share fage. Abin da ya rage shi ne a nemo cikakkun muryoyin da ke ɗakunan ajiya na gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato da hannun tsofaffin masu sayar da kaset, a mayar da su kan na'urorin zamani, a jera su bisa tsari tare da matani da sharhin kalmomi. Sa'an nan a je Ɗankadu da Damri da Maradun a zauna da dattawan da suka san ma'anar habaicin, tun suna da rai. Wannan nauyi ne a kan sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Gusau da Kano da Zariya, da hukumomin al'adu na jihohin.

9.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa ɗorewar waƙoƙin Sardauna na Musa Ɗanƙwairo ta samo asali ne daga abubuwa huɗu: jigon raini da nasara wanda ya shafi kowa, da zubin gindi da amshi wanda ya ɗinke sassan wuri guda, da kisan 1966 wanda ya mayar da zuga makoki, da kuma rediyo da kaset waɗanda suka jera waƙoƙin suka isar da su nesa. An kuma nuna cewa murya ce ta ɓangare guda, wadda ya kamata a saurare ta tare da ta waɗanda aka yi wa zambo. Kwatancen da aka yi da faifan Pink Floyd ya taimaka wajen ganin cewa waƙoƙin sun fi ƙarfi idan suna tare. Wannan ma'auni zai yi amfani idan aka gwada shi a kan waƙoƙin da Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu, ko na Salihu Jankiɗi ga Sarkin Musulmi Abubakar, ko na Sa'idu Faru ga Sarkin Kudu Macciɗo, a daina nazarin su ɗaya bayan ɗaya kawai, a dube su a matsayin aikin rayuwa guda da makaɗi ya gina a kan ubangida guda.